Rijiya Gaba Takwas

Wani dare a fadarmu ta Garin Malam, shayi na biyu yana kan gawayi, hira ta gangaro kan wurin da ya fi ba kowa tsoro tun da uwarsa ta haife shi. Wani da ya yi karen mota a hanyar Agadas zuwa Dirku ya ce babu kamar Tenere: mota ta mutu, ruwan bido ya kusa ƙarewa, ka duba gabas ka duba yamma ba ko tsuntsu. Ba wanda ya musa masa. Mu ƴan Damagaram ba a ba mu labarin hamada. Mutum 92 da ƙishirwa ta kashe bayan Arlit cikin Oktoban 2013, mafi yawansu mata da yara, akasari daga Kance suka taso, nan bayan gidanmu. Wani kuma ya kawo zancen ramin zinariya da ya rufta da mutane a Ɗan Isa ta jihar Maradi a 2021. Da aka zo kaina sai suka ce ba sai na faɗa ba, sun san rijiyoyin Damargu zan ce, waɗanda in ka jefa tsakuwa sai ka ƙosa da jira kafin ka ji ƙararta.

Na ce musu a'a. Tawa gaba takwas ce kacal, a wani lambu wajen Mirya, kuma ranar ko shiga cikinta ban yi ba. A bakinta nake tsaye.

Da na faɗi jarrabawar barebe, ta gama ƙaramar sakandare, karo na biyu, mahaifina bai yi dogon zance ba, ya kama hannuna ya damƙa ni ga wani tsoho mai haƙa da yasar rijiya. Baba muke ce masa, mu da ƴaƴan cikinsa duka. Sana'ar ruwa ba ta mutuwa a garin nan. Damagaram a kan dutse take zaune, shi ya sa tun tuni ake jawo mata ruwa daga nesa, daga Gogo da Machaya da Arunguza, har ma ana lissafa ƙarancin ruwan cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birni daga nan suka kai Yamai a 1926. Duk wanda ya taɓa bin layin famfo da tsakar dare a watan Afrilu ya san abin da nake nufi. To a ƙauye kuwa rijiya ita ce komai.

Shigata ta farko a wani ƙauye ne arewa, hanyar Tanut. Ka zauna a kan ɗan guntun ice da aka ɗaure a bakin igiya, a ɗaura maka wata igiyar daban a ƙugu, mutum huɗu su riƙa sassautawa. Zafin rana yana barinka tun a gaba na uku. Daga nan sai sanyi da warin laka, muryar mutanen sama tana komawa kamar ta cikin tulu. Da na isa ƙasa na ɗaga kai, bakin rijiyar nan da jakuna ke zagayawa ya koma kamar faifai. Gwiwoyina suka riƙa kaɗawa har ruwan da nake tsaye ciki yana motsi. Na cika wasaki uku da taɓo, a na huɗu na fashe da kuka. Baba bai yi mini dariya ba, bai kuma lallashe ni ba. Ya leƙo ya ce, "Kai yaro, yi kukanka da ƙarfi, ina so in riƙa jin ka."

Daga baya na gane ba ba'a yake yi ba, doka ce. A wurin Baba, wanda ke ƙasa ba ya yin shiru. Ka yi waƙa, ka yi karatun allo, ka zagi mai rijiyar in ka ga dama, amma bakinka ya yi ta motsi. Da ka yi shiru, ko harshenka ya fara nauyi, za a jawo ka ko kana so ko ba ka so. Doka ta biyu, igiyar ƙugu ba ta kwancewa sai ƙafarka ta taka doron ƙasa. Ta uku, fitila ce ke fara shiga kafin mutum. Mukan kunna fitilar ƙwai mu zura ta a hankali har ƙasa. In harshen wutar ya ƙanƙance ko ya mutu, ba mai shiga. Sai a yanko rassan dogon yaro masu ganye, a ɗaure su dami guda, a yi ta zurawa ana jawowa da sauri har iskar ciki ta sauya, a sake gwadawa.

Mutanen ƙauye kan ce masu rijiyar ne suka hure fitilar. Baba ba ya gardama da kowa a kan aljanu, yakan ce dai, "Ko su ne ko ba su ba ne, inda wuta ba ta zauna ba mutum ba ya zama." Sai da na girma na ji bayaninsa a bakin masu ilimi: iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne, shi ne wuta ke ci, shi ne jini ke ci. A rijiyar da ta daɗe a rufe, ganye da tarkace suna ruɓewa su cinye shi, su bar wata iska mai nauyi da ke kwanciya a ƙasa kamar ruwa a kwari. Tsohon nan da bai taɓa zama a aji ba, awon da yake yi da fitilarsa daidai ne.

Na shekara huɗu a kan wannan. Tsoro ya tafi, kuma yanzu da nake waiwaye, tafiyarsa ce ta kusa jawo mana gawa.

Mai lambun nan na Mirya yana son a ƙara wa rijiyarsa zurfi kafin noman rani, sai dai ruwa ya cika ƙasanta. Injin ban ruwa kuwa, komai ƙarfinsa, ba ya tsotso ruwa daga zurfin da ya wuce mita bakwai ko takwas, ita kuma rijiyar ta kai mita goma sha huɗu. Abin da mutane da yawa ke yi shi ne ya yi: ya ɗaure injin da igiya ya zura shi tsakiyar rijiyar, ya bar shi yana ta aiki tun asuba. Kafin mu iso ya kashe shi ya fitar, ya kai shi gindin mangwaro. Bai faɗa mana ba, mu ma ba mu tambaya ba. Mun ga rijiya ta ƙafe, muka ce aiki ya zo da sauƙi.

Baba ya tafi cikin gari neman siminti, ya ce mu jira shi. Abokin aikina, wanda muka fara kusan lokaci guda, ya ce wace jira ga rijiyar da ko akuya ta faɗa za ta fito. Muka zura fitila. Ta ci sarai, ko girgiza ba ta yi ba. Wallahi mun gwada, wannan nake ta nanatawa daga baya kamar mai rantsuwa gaban alƙali. Ya sauka yana waƙa. Da ya fara sara da diga sai igiyar ƙugu ta riƙa harɗe masa hannu, ya kwance ƙullin ya bar ɗamarar kawai a jikinsa. Na gani, na yi shiru, don ni ma na sha yin haka in Baba ba ya nan.

Bayan ɗan lokaci ya ce kansa na sarawa. Na ce shayin safe ne bai sha ba. Ya yi dariya, ya ci gaba da waƙar, amma baiti ɗaya yake ta maimaitawa, yana jan sa kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Sai ƙarar diga ta tsaya. Na kira sunansa sau uku. Na jawo igiyar ƙugu, ta taho sakayau ba komai a bakinta.

Ban san lokacin da na ɗora ƙafa a kan icen zama ba. Mutane sun taru, mata suna salati, wani yana ce mini, "Shiga mana, ɗan'uwanka ne!" Ƙafata ɗaya ta riga ta rataya a ciki aka fizgo ni ta wuyan riga, na faɗi rigingine. Baba ne. Ya ɗauke ni da marin da har yau in na tuna kunnena na ƙara. Ya ce, "Gawa ɗaya ba ta ishe ka ba?" Ya juya ga taron ya ce duk wanda ya matso bakin rijiyar nan sai ya karya masa ƙafa. Idonsa ya kai kan injin da ke gindin mangwaro, ya je ya dafa shi, ya ji da sauran ɗumi. Bai tambayi kowa komai ba.

Abin da ya biyo baya shi ne tsoron da nake faɗa. Ƙasan rijiya yana da abin yi: ka sara, ka cika wasaki, ka yi waƙa. A baki kuwa kana tsaye da ƙafafunka lafiya lau, abokinka yana kwance a wurin da za ka kai cikin minti ɗaya, an ce kada ka je. Baba ya sa mutum biyu suna zura damin ganye suna jawowa ta gefe guda. Ya sa aka ɓalle madubin wani babur, ya ba ni ya ce in kama rana in jefa ta ciki. Hannuna na rawa, hasken yana tsalle a jikin bango, yana daka mini tsawa in tsayar da shi. Da hasken ya zauna muka gan shi a jingine, kansa ya langaɓe a kafaɗa, bakinsa sama da ɗan ruwan da ya fara tsattsafowa. Baba ya karɓi ƙugiyar da ake ciro guga in ya faɗa, ya kwanta rub da ciki, ya fara nema. Sau biyu tana kama riga tana yagewa. Wani dattijo a bayana yana cewa masu haƙar rijiya na zamani ba su da zuciya, a da da tuni an shiga. A karo na uku ta shiga ƙarƙashin ɗamarar nan da bai kwance ba.

Ya fito yana numfashi sama-sama. A gidan likita aka sa masa oksijin, kuma a nan ne likitan ya warware mini abin da ya ɗaure mini kai, wato yadda fitila ta ci amma mutum ya faɗi. Hayaƙin injin fetur yana ɗauke da wata iska da suke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma kaɗan daga cikinta ya isa, don jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau sama da 200. Ba ta buƙatar korar iskar kirki daga rijiyar, saboda haka wuta ba ta san da ita ba. Ita ce dai ke kashe masu kwana da gawayi ko janareta a ɗaki rufe lokacin sanyi. Fitilar da na dogara da ita shekara huɗu tambaya ɗaya kawai take amsawa, ni kuwa na ɗauka duka take amsawa.

Duk da haka na yi mako guda ba na haɗa ido da Baba. Marin bai dame ni ba, maganar dattijon nan ce ta tsaya mini a wuya. Ranar da ya gaji da shirun nawa, muna ɗaure kaya a amalanke, ya ce mini ba tare da ya dube ni ba: "Mu huɗu ne a ɗakinmu. Yayanmu ya shiga wata tsohuwar rijiya, ya yi shiru. Mai bi masa ya bi shi. Na ukun ya bi su. Ni ƙarami ne, wata mata ta rungume ni ta ƙi saki. Rana ɗaya aka yi musu sutura." Ya ja igiyar ya ƙulle, ya ce in miƙo masa diga.

A Fabrairun 2022, lokacin da duniya ta zuba ido kan yaron nan Rayan na Maroko, da ya faɗa rijiya mai mita 32 aka kwana biyar ana haƙa ta gefe kafin a kai gare shi, ya riga ya cika, ƴan fadarmu sun yi ta faɗa a kan wayoyinsu wai me ya hana wani ya zura kawai ya ɗauko shi. Ban tanka ba. Na san abin da masu tsayuwa a bakin ramin nan suke ji a cikinsu.

Yanzu ina da yara uku a ƙarƙashina. Har yau fitila ce ke fara shiga, amma kafin ita akwai tambaya, kuma ba mai lambu kaɗai nake yi wa ba, don mai lambu yana son aikinsa ya ƙare yau. Nakan tambayi yaran da ke wasa a wurin ko an sa inji a ciki, in zagaya in nemo injin in dafa shi da hannuna. In an sa, sai gobe, bayan an sha fifita. Na rasa ayyuka a kan haka, an kira ni mai tsada, an kira ni matsoraci. Ƙullin igiyar ƙugu kuma a baya nake yin sa, inda hannun mai shiga ba ya kaiwa.

Abokina bai sake shiga rijiya ba. Ya daɗe yana fama da ciwon kai da mantuwa, daga baya ya samu sauƙi, yanzu yana da tebur a kasuwar Dole. Kayan da yake sayarwa kuwa, igiya ce da guga na roba. In na je saye ba ya rage mini ko dala, sai ya ɗaga murya maƙwabtansa su ji: "Ku ba shi hanya, ga wanda ya haska aka ciro ni da ƙugiya kamar tsohon wasaki."