Daga Kumasi Zuwa Gambaga a Kan Sawun Masu Jar Dara

Mai zuwa Tamale daga Kumasi a yau yakan bi kwalta ta Techiman da Kintampo, ya haye gadar Buipe da ta Yapei, ya isa a yini guda. Ni tsohuwar hanya na bi, wadda ta ratsa Mampong da Ejura da Atebubu ta dire a bakin ruwa a Yeji, domin ita ce hanyar goro, kuma a kanta 'yan sandan Turawan Ingila masu ɗauke da bindiga suka yi aiki mai yawa.

Na fara da ganuwar soja ta Kumasi, wadda yanzu gidan tarihin sojojin Ghana ce. A nan Asante suka yi wa Gwamna Hodgson ƙawanya a yaƙin Yaa Asantewaa na 1900. Ya sulale da yawancin mutanensa ranar 23 ga Yuni, ya bar 'yan tsirarun dakaru cikin yunwa har Kanar Willcocks ya iso ranar 15 ga Yuli. Kafin nan Manjo Morris ya taso da ɗauki tun daga Gambaga a ƙafa, ya shigo Kumasi tsakiyar watan Mayu, bai cika wata guda a hanya ba. Hausawa ake kiran waɗannan dakaru. Sunan ya samo asali daga ƙaramar rundunar da baturen Ingila Glover ya kafa a Ikko a 1863, aka kuma kafa irinta a Gwalkwas, wato Ghana ta yau, a 1879. Amma da tafiya ta yi tafiya, akasarin masu sa jar dara ba Hausawa ba ne: Gurunsawa ne da Mosawa da Dagombawa da Zabarmawa, da yawansu tsofaffin bayi. Hausa dai ita ce harshen bariki, da ita ake ba da umarni, da ita ake zagi.

Bayan hawan dutsen Mampong daji yakan fara saki, kafin Atebubu an shiga ƙasar ciyawa da itatuwan kaɗanya. A nan ake gane abin da ya sa soja ya koma mai gadin lebura. Ƙudan tsando ya hana doki da jaki daɗewa a kudu, sammore ke kashe su, saboda haka komai a ka ake ɗauka. Kayan ɗan alaro ɗaya laba 60 ne, kusan kilo 27, zangon yini kuwa wajen mil 15. Duk ayarin gwamnati, na harsashi ne ko na kuɗin albashi ko buhun wasiƙu, sai an haɗa shi da 'yan rakiya, wasu gaba wasu baya. Na bayan ba don ɓarayi kaɗai ba ne. Ɗan alaron da aka kamo daga gonarsa yakan yar da kaya ya faɗa ciyawa da zarar ya ga sarari, shi ya sa ake ƙirga kai a kowane zango, safe da yamma.

A Yeji mota takan shiga jirgin fito zuwa Makango. Ruwan da ake hayewa yanzu tafki ne, tun da madatsar Akosombo ta cika a shekarun 1960 ta cinye tsohon gari. A da kogi ne, kuma mashigarsa na cikin wuraren da ake ajiye 'yan sanda: su tsare kwale-kwale, su karɓi kuɗin fito, su ƙirga shanu da tumakin da ke gangarowa kudu da huhunan goron da ke hawa arewa. Harajin fatake shi ne babban kuɗin shigar yankin Arewacin Gwalkwas a farkon mulkin Turawa, har aka soke shi a 1908. Illar tsarin a fili take. Madugu bai iya karanta rasit ba, kofur ɗin da ke tsaye a mashiga shi ne mai karɓa, shi ne tafinta, bature kuwa yana can tafiyar kwanaki. Wanda ya gaji da biya sau biyu sai ya nemi wata mashigar a ɓoye, a kuma tura 'yan sanda su tare can.

Salaga ta yi shiru ƙwarai in aka tuna cewa ita ce Gwanjar da fataken Kano da Katsina ke yi wa tafiyar watanni. Cin Kumasi da Ingila ta yi a 1874 ya karkatar da goro, yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa kasuwar. Rijiyoyin da aka haƙa birjik suna nan. Garin yana cikin yankin da Ingila da Jamus suka amince a 1888 ba na kowa ba ne, sai a 1899 suka raba shi, Salaga ta faɗa wa Ingila, Yendi ta faɗa wa Jamus. Daga ranar sintirin iyaka ya zama aikin kullum.

Tsakanin Salaga da Tamale ne na fi tsayawa ina duban hanya. Ƙasar shimfiɗe take, da damina ruwa ya kwanta, da rani a rasa na sha. Yadda ake yin hanya a irin wannan wuri bai canza sosai ba: a share faɗinta, a haƙa lambatu hagu da dama, a tara ƙasar a tsakiya ta yi doro domin ruwa ya zirare, sannan a zuba marmara a daddaɓe. A fadama sai an ɗaga ta, a sa kwalbati. In doron ya kwanta, ruwa ya zauna a tsakiya, ƙafar shanu ta mayar da wurin kwatami. Gadar katako gara ke ci, ko ambaliya ta ɗauke ta, saboda haka bayan kowace damina aikin sabo ne. A zamanin Turawa babu inji ko ɗaya. Kwamishinan gunduma yakan yanka wa kowane sarki yankinsa na hanya da adadin mutanen da zai kawo, ɗan sanda ya kai saƙo, ya taso ƙeyar mutanen, ya tsaya a kansu. Ƙasa a kwando ake ɗebo ta. Haka aka gina barikin saukar baƙi a kowane zango, ɗakunan laka masu jinka da ƙauye zai riƙa sabuntawa, haka aka kafa turakun wayar tangaraho, waɗanda gobarar daji ke lashewa da kaka. Rahotannin Turawa suna yabon tsaftar hanyoyin nan. A ganina yabon bai cika ba in ba a faɗi cewa aikin tilas ne, kuma yakan faɗo daidai lokacin da manomi ke bukatar hannunsa a gona.

Tamale ta zama hedkwatar yankin a 1907, shekarar da aka rushe bataliyar sojan da ke Arewa aka maye gurbinta da rundunar 'yan sandan yankin. Canjin suna ne fiye da canjin hali: fareti da harbin gwaji suna nan, an dai ƙara musu kai sammaci, kamo mai laifi, gadin kurkuku da baitulmali, raka kwamishina rangadi, da tsare hanya in annoba ta ɓarke, kamar sanƙarau da ya yi ɓarna a shekarun nan. Da yake su kaɗan ne a ƙasa mai faɗi, sau da yawa mutum biyu ko uku ake turawa ƙauye, jar darar ce ke yin sauran aikin. Inda ba ta isa ba sai a koma ga bindiga, kamar farmakin duwatsun Tong na 1911 a kan ƙabilar Tallensi. A watan Agustan 1914 ma an tura su cikin Togon Jamus. Sai ƙarshen shekarun 1920 aka narkar da rundunar cikin 'yan sandan Gwalkwas.

Daga Tamale na bi ta Savelugu, na haye kogin Nasia da fadamarsa, a Walewale na karkata gabas. Gambaga ƙaramin gari ne, da wuya baƙo ya yarda daga nan aka taɓa mulkin dukkan Arewa. Sai ka ƙarasa bakin tsaunin da ke arewa da garin ka hango kwarin Farar Volta a shimfiɗe, ka gane dabarar. Can gaba kaɗan layin digiri 11 yake, iyakar da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyar Yunin 1898, bayan tseren kafa tuta da aka yi a lokacin da mayaƙan Samori da na Babatu ke yawo a yankin. Na kwana a Nalerigu, garin Nayiri sarkin Mamprusi, da safe na kama hanyar Nakpanduri inda titi ke gangara tsaunin zuwa Bawku.