Tayar da ke ɗaukar zafi a hanyar Daura

Ina shekara ta huɗu a garejin maigidana, can wajen Ƙofar Ƙaura, wata Golf 3 ta haya ta koya mani abin da har yau da shi nake aiki. Direbanta dattijo ne, yana jigila tsakanin Katsina da Daura, tafiyar kusan kilomita 80. Da hantsi ya shigo ya ce, "Yaro, ina maigidan naka?" Na ce ya tafi Kano sayen kaya. Ya ce to in duba mashi tayar baya ta hannun dama, riƙewa take yi. Kafin ya kai garin Mashi ƙauri ya cika motar, fasinjoji sai salati suke. Sai da ya tsaya ya fasa ledar ruwa biyu a kan rim, ruwan na taɓa ƙarfen ya yi cuu, tururi ya tashi.

Na ɗaga motar da jak, na juya tayar da hannu, tana juyawa lafiya lau. A nan ya kamata in dakata in tambayi kaina dalilin da take riƙewa a hanya amma ta saki a gareji. Ban dakata ba. Na cire diram, na ga shu, wato takalmin birki da ke matse diram daga ciki, ya ƙone har yana sheƙi kamar gilashi, sifirin kuma sun canja launi saboda zafi. Na ce to ga mai laifi. Na sa sababbi, na share ƙurar, na miƙa mashi makulli. Bayan kwana biyu ya dawo. Wannan karon na ɗora laifin kan silindar taya, wadda mai ke shiga ya tura shu, na matse tiyon birki da filaya don kada mai ya zube, na canja ta. Zuwansa na uku, a Shargalle ya sauke fasinjoji ya mayar masu da kuɗinsu.

Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, kuɗin nan da na kashe sau biyu, na cefanen gida ne." Da zagina ya yi, da ya fi mani sauƙi.

Ranar maigida yana nan. Bai taɓa sifana ba sai da ya yi wa direban tambayoyi: taya ɗaya ce ko biyu, da sassafe take riƙewa ko sai an yi tafiya ana taka birki, kuma birkin hannu yana komawa daidai in an sake shi? Daga nan ya ce in ɗaga motar, in shiga in taka birki da ƙarfi sau goma, in cire ƙafa. Na sauko na kama tayar da hannu biyu, ko motsi ba ta yi ba. Ya kwanta ƙarƙashi da ƙaramar sifana, ya ɗan kwance nipil ɗin da ake cire iska. Mai ya yi tsartuwa har kan hannun rigarsa, tayar kuwa nan take ta saki. Ya ce, "Ka gani? Ba ƙarfe ne ya cije ba. Mai ne ya shiga ya rasa hanyar komawa."

Ya sa na sake takawa. Ya kwance mahaɗin da ke saman tiyon roba, tayar ba ta saki ba. Ya kwance na ƙasa, ta saki. Ke nan toshewar tana tsakanin biyun. Muka cire tiyon, daga waje ba tsaga, ba kumburi, kai ka ce sabo ne. Ya yanka shi da reza ya miƙo mani. Robar ciki ta ɓare ta naɗe, ramin da mai ke bi ya tsuke, da ƙyar allura za ta shiga. Ƙafar direba tana da ƙarfin da za ta tura mai ya wuce ta wannan matsi, amma sifirin da ke mayar da shu ba su da ƙarfin koro shi baya. In mota ta ɗan huta, man ya riƙa silalewa sannu a hankali har tayar ta saki, shi ya sa duk zuwan dattijon nake iske ta lafiya. Shu da sifirin da na ga sun ƙone, ɓarnar da cutar ta yi ce, ba cutar ba. Filayar da na matse tiyon da ita kuwa, ƙara lalata shi ta yi, tun ranar ban sake yi ba.

Gwajin nan na nipil ya raba matsalar gida biyu, kuma bai kai minti biyar ba. In an kwance nipil amma tayar ba ta saki ba, a koma wajen ƙarfe: wayar birkin hannu da ta yi tsatsa a cikin kubenta, musamman bayan damina, ko sifirin da ya mutu, ko fistin da ya cije. Motoci masu kalifa a baya kuma, wato abin da ke matse faifan birki a maimakon diram, sau da yawa fil biyun da kalifar ke zamewa a kansu ne suka bushe, robarsu ta yage, ƙurar hunturu ta shige. Ba kowane giris ake shafa masu ba, na gama-gari kumbura roba yake yi. In kuwa taya fiye da ɗaya ke riƙewa kuma nipil na sakinsu, a duba masta, wato babbar silindar da ke tura mai in an taka birki. Akwai ɗan ramin da mai ke komawa tanki ta cikinsa, in wani ya zuba baƙin mai ko man sitiyari a tankin birki, robobin su kumbura su rufe shi.

Abin da ya fi ɗaga mani hankali daga baya shi ne haɗarin da na mayar da mutane cikinsa har sau biyu. Man birki irin DOT 4, yana sabo ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma janyo danshi yake yi, in ya sha ruwa ƙa'idar takan sauko zuwa 155. Shi ya sa kamfanonin mota da yawa ke cewa a canja shi duk shekara biyu. Diram da ke ƙuna zai iya tafasa shi, direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa, ga mota cike da mutane da kaya. Zafin kuma yana narkar da giris ɗin boris. Saboda haka ba na yarda da masu cewa a toshe bututun baya da ƙusa a ci gaba da tafiya. Direbobi kan roƙe ni in yi masu haka don su kama lodi, ina ba su haƙuri, ko da za su tafi wani garejin.

Maigida ya sa na canja tiyon baya duka biyun, muka zubar da tsohon mai gaba ɗaya, muka cire iska taya bayan taya. Bai karɓi kuɗin aiki ba. Ya ce in bi dattijon har Daura in dawo. A garin Mashi na roƙe shi ya tsaya, na sauka na kai bayan hannuna kusa da rim, sannan na dafa shi. Ɗumin rana ne kawai a jikinsa. Dattijon ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya, ɗana?" Na ce, "Baba, mu je."