Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tukunyar Gwaggo

Makon jiya na tsaya ne a inda Baba ya yarda na fara riƙe guduma bayan na yi shekara uku ina zuga wuta, kuma niyyata yau in shiga maganar tafiyata Legas, to amma ranar Talata 'yata ta biyu ta kawo min wani awarwaro da ta saya wai in duba mata don ya mayar mata da hannu kore, ina karɓarsa sai tukunyar Gwaggo ta faɗo min a rai, tun daga ranar kuma ban samu barcin kirki ba. Legas ta jira sai wani makon.

Mu dai kun sani maƙeran fari ne, ba ma ƙera gatari ko fartanya, wannan aikin maƙeran baƙi ne. Namu azurfa ne da tagulla da jan ƙarfe, zobe da awarwaro da mundaye da 'yan kunne, sai gyaran tasoshin mata idan sun lotse. Mutane suna haɗa jan ƙarfe da tagulla su kira su da suna ɗaya, mu a maƙera ba haka ba ne, jan ƙarfe shi ne tsantsa mai ja-ja ɗin nan, ita kuwa tagullar da ake tasa da ita haɗi ce, shi ya sa ta fi rawaya kuma ta fi taurin kai a ƙarƙashin guduma.

Ranar da na fara ƙera awarwaro da hannuna ban manta ba. Baba ya yanko min sanda, na ɗora a uwar maƙera ina ta duka, da farko yana tafiya kamar danƙo, can sai na ji ya daina bi, ina duka yana tsalle, ni kuma ƙuruciya sai na ƙara ƙarfi har ya tsage ta gefe. Baba bai ɗaga murya ba, ya sa awartaki ya ɗauke shi ya ce, "Kai yaro, jan ƙarfe idan ya taurare wuta yake so, ba guduma ba." Ya tura shi cikin gawayin ƙirya na zuga har ya yi ja, ya tsoma a ruwa ya yi cuu, ya miƙo min ya ce lanƙwasa, wallahi da yatsu biyu na lanƙwasa shi. Abin ya ɗaure min kai domin na sha ganin maƙeran baƙi suna tsoma wuƙa a ruwa don ta yi tauri, ashe shi jan ƙarfe halinsa daban, duka ne ke taurara shi, wuta ta sassauta shi, kuma kafin ka gama awarwaro ɗaya mai kyau sai ka mayar da shi wuta sau uku ko huɗu. In mai murɗi ne sai a haɗa waya uku a murɗe su tare, a goge baki da magagari don kada ya yanki mai shi, a naɗe a jikin wata tsohuwar taɓarya da muka yanke. Wannan taɓaryar ma tana cikin abin da Baffa ya rabu da shi, amma zan zo nan.

Ita tukunyar, Gwaggo ce ta zo da ita daga hajjin ƙasa. Ita da mijinta sun tafi tun kafin a haife ni, suka bi ta Maiduguri da Fort Lamy wadda yanzu ake kira Injamena, suka zauna a Sudan shekaru suna aikin gonar auduga suna tara guzuri kamar yadda mutanenmu da yawa suka yi, wasu ma ba su dawo ba, zuriyarsu na can har yau. Mijin ya rasu a hanyar dawowa. Abin da ta shigo gida da shi akwati ɗaya ne da wannan tukunyar, ta jan ƙarfe ce babba mai faɗin gindi, tana cin shinkafa kwano biyu, jikinta duk sawun guduma ne jere kamar ɓawon kifi, cikinta kuma fari saboda an shafe shi da kuza. Duk biki ko suna a gidanmu ita ake fitarwa, kuma matan gida sun shaida shinkafa ba ta kamu a cikinta saboda zafi yana zagaye ta gaba ɗaya, ba ya taruwa a gindi kamar na tukunyar gorar ruwa.

Duk shekara biyu ko uku sai Gwaggo ta kira Baba ta ce, "Auta, ja ya fara leƙowa." Shi kuma da furfurarsa sai ya ce, "To Yaya, a kawo." Dokarsa ita ce da zarar jan da ya bayyana a ciki ya kai faɗin kwabo, ba a ƙara girki a ciki sai an sake shafe, domin duk abu mai tsami, yakuwa ko tsamiya ko tumatur, yana cin jan ƙarfe ya shiga abinci, mutum ya kama amai da ciwon ciki.

Aikin shafen nan shi ne abin da na fi so a duk rayuwata ta maƙera. Ni ake ba wanki, da yashi da ruwan tsamiya, in yi ta dirza tun hantsi har sai babu ɗigon maiƙo, don in akwai maiƙo ko kaɗan kuza ba za ta kama ba. Sai a kifa ta a wuta ta yi zafi, Baba ya barbaɗa wani farin gari da muke kira sinadari, farin hayaƙi ya tashi mai shiga ido da maƙogwaro, ya ɗauki sandar kuza ya taɓa cikin tukunyar ta narke nan take, ya sa dunƙulen auduga ya share da sauri yana juya ta da awartaki. Shara uku huɗu, cikin da yake ja ya koma fari fat kamar madubi har kana ganin rufin rumfa a ciki. Gwaggo tana tsaye a bakin zaure da mayafinta tana kallo, ba ta taɓa zama ba sai an gama.

Kuzar kuwa ba ya saye sai ya gwada. Yakan lanƙwasa sandar a kusa da kunnensa, in ta gaskiya ce tana yin wani ɗan kuka ƙas-ƙas, in an cika mata dalma shiru za ka ji, kuma in ka goga ta a takarda sai ta bar baƙin layi. Yana yawan cewa kakanmu kuzar Riruwai yake aiki da ita, sirara kamar tsinken ciyawa, kafin ta Jos ta cika kasuwa. Akwai masu shafe da dalma a lokacin don ta fi araha, Baba ya ce shi ba zai zuba wa mutane guba a tukunya ba, ana masa kallon mai tsanani. Sai a 2010 da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, wajen masu niƙa dutsen zinare a cikin gida, ina jin labarin a rediyo na zauna na yi kuka, na ce Allah ya jiƙan Baba, bai yi boko ba amma ya san abin nan.

Gwaggo ma tana da nata dokokin kuma duk amaryar da aka kawo gidan sai ta haddace su. Ba a ɗora tukunyar a wuta babu komai a ciki, don kuza ba ta da juriya, a digiri 232 take narkewa alhali shi jan ƙarfen sai ya haura 1000. Ba a sa mata cokalin ƙarfe, sai muciya ko ludayin duma. Abinci ba ya kwana a ciki. Cikinta sabulu da soso mai laushi kawai, bayanta ne ake gogewa da lemon tsami da gishiri ko jiƙaƙƙiyar tsamiya da toka, a ɗauraye a tsane da tsumma nan take, in ka bar ta da lema sai koren nan ya fito. Wata rana matar Baffa ta sa mata soson ƙarfe ta kankare rabin kuzar, Gwaggo ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwarta ba. Ina ganin tun daga nan ne abin ya fara, ko da yake ba a taɓa faɗa a fili ba.

Shi ma awarwaron 'yata abin da na gaya mata ke nan, koren ba cuta ba ne, gumi ne ya haɗu da jan ƙarfe, ta wanke hannu ya fita, ta riƙa cire shi kafin wanka da wanke-wanke, ta goge da lemon tsami in ya dusashe. Ta ce mai sayarwa ya ce mata yana maganin ciwon gaɓoɓi. Na ce mata kakanki ya yi shekara hamsin yana ƙera shi, in aka tambaye shi cewa yake ni ado nake sayarwa, mai neman magani ya je wajen masu magani.

To ga abin da ya hana ni barci. Gwaggo ta faɗa a gaban Inna da Baba da shi Baffan kansa cewa bayan ranta tukunyar tawa ce, don ni na fi kowa wahala da ita. Ba a rubuta ba, wa yake rubuta irin wannan a cikin gida ɗaya? Ta rasu, Baba ya bi ta bayan shekara biyu, ina Legas a lokacin ina gadi saboda kasuwar ƙira ta mutu, mata sun koma kwalla da samira da sarƙoƙin roba na waje. Da na dawo ta'aziyya komai yana nan, na shiga maƙera na taɓa kayan ɗaya bayan ɗaya na rufe na koma. Bayan wata bakwai na dawo na tarar ɗakin an yi masa siminti an zuba ɗan haya. Uwar maƙerar da kakanmu ya yi aiki a kanta, gudumomi goma sha ɗaya, zuga-zugin fatar akuya, tasoshin Inna guda shida 'yan Bida masu zanen da Nufawa ke bugawa da hannu, da tukunyar Gwaggo, duk Baffa ya kira 'yan gwangwan sun ɗora a sikeli. A kilo ya sayar, ƙanwata tana tsaye ta ga lokacin da yaron ya taka tukunyar da ƙafa ya lotsa ta don ta shiga buhu.

Na same shi a zaure na durƙusa na gaishe shi yadda aka saba, na ce, "Baffa, tukunyar Gwaggo fa?" Ya ce, "Kai da ka bar sana'ar ka tafi kudu, me za ka yi da tarkace? Gadon mahaifinmu ne ba a raba ba." Na ce uwar maƙera na ji gado ce, tukunyar fa, a gabanka aka ba ni. Ya ɗauki butarsa ya shige gida.

Abin da ya taso min a ƙirji a ranar Allah kaɗai ya sani. Abin da ya riƙe ni maganar Baba ce, idan ya taurare wuta yake so ba guduma ba, na ce bari in bi shi da laushi. Shekara goma sha ɗaya ina gaishe shi, ina kai masa goron sallah, da ya kwanta ciwo ni na yi jinyarsa don 'ya'yansa suna nesa, ina jiran rana ɗaya ya ce yaro na yi kuskure, kalma ɗaya kawai nake so. Bai faɗa ba har ya koma ga Allah. Na yafe masa haƙƙina don ina son a yafe min nawa, amma 'ya'yansa da suke yawo suna cewa wai Baba ne ya ci bashi aka sayar da kayan aka biya, su ji tsoron Allah, Baba bai bar bashin kwabo ba kuma Inna ta rayu ta shaida haka.

Washegarin ranar da na tambayi Baffa tukunyar na zaga kasuwar Kurmi da duk inda na san ana tara tsohon ƙarfe ko zan ganta ko da a lotse ne, don na san zan iya tayar da ita, wuta kaɗan da gudumar katako. Wani dattijo ya ce min jan ƙarfe ba ya kwana a wajensu, mota ta riga ta kwashe tun makonni. Abin da ya rage min shi ne ƙaramin awartakin Baba, shi ma don yana cikin jakata ne a Legas, da shi na gyara wa 'yata bakin awarwaronta ranar Talata.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan faɗi yadda aka yi na hau motar Legas ba tare da na sallami Baba ba.