Abin dubawa kafin sayen firinta ko sikana don Linux

Tambayar da aka fi yi idan za a sayi firinta don Linux ita ce wane kamfani ne ke da direba mai kyau, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da firintar, amma a ganina wannan tambaya ta tsufa. Tsarin CUPS, wanda Michael Sweet ya fitar a 1999 kuma kusan dukkan nau'o'in Linux ke buga takardu da shi, ya daɗe da karkata ga bugu ba tare da direba ba. Ta hanyar ƙa'idar IPP, firintar ce da kanta ke sanar da kwamfuta girman takardar da take karɓa, da ko tana buga kala, da ko tana juya takarda ta buga bayanta.

Saboda haka abin nema a jikin kwali shi ne alamar AirPrint, wadda Apple ya fito da ita a 2010, ko Mopria, ko IPP Everywhere. Firintar da ke ɗauke da ɗaya daga cikinsu takan bayyana da zarar an haɗa ta da hanyar sadarwa ɗaya da kwamfutar. Wanda ya fi son igiyar USB kuma yana da manhajar ipp-usb, mai ba da damar irin wannan bugu ta igiyar, wadda ta shiga Debian 11 (wani nau'in Linux) a 2021.

Waɗanda ya kamata a yi hattara da su su ne masu arahar nan da ba su fahimtar harsunan firinta na PostScript ko PCL, waɗanda kwamfuta ce ke yi musu dukkan aikin tsara shafi, kamar tsofaffin samfuran Canon masu amfani da tsarin bugun Canon mai suna CAPT. Rayuwarsu ta rataya ne a kan direban kamfani, wanda ba kowa ke iya gyarawa ba, kuma sau da yawa ba ya aiki a kan ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi. Duk ranar da kamfanin ya daina sabunta shi, na'ura na da lafiyarta za ta zama kayan ajiya. Kamfanin HP dai ya yi ƙoƙari da direbansa na Linux mai suna HPLIP, ko da yake wasu samfuransa sai an ƙara musu wani rufaffen ɓangaren manhaja da kamfanin kaɗai ke iya gyarawa.

Sikana ta fi ba da wahala, domin na'ura ɗaya tana iya bugawa lafiya ƙalau amma ta ƙi ɗaukar hoton takarda. A nan SANE, tsarin da Linux ke sarrafa sikana da shi, ne ke aiki, kuma yana da jerin samfuran da ke nuna matsayin kowanne. A duba lambar samfuri harafi da harafi, domin bambancin harafi ɗaya a ƙarshen suna kan nufi wata na'ura daban a ciki. Sababbin na'urori masu fahimtar ƙa'idojin eSCL ko WSD, waɗanda ke sa sikana aiki ba tare da direban kamfani ba, kuwa, manhajar sane-airscan ta wadatar da su. Idan da hali a gwada kafin a biya kuɗi: a haɗa na'urar, a rubuta umarnin scanimage -L a tagar umarni (terminal), a ga ko sunanta zai fito.