Kafin ku sa wa asibiti manhaja, ku leƙa ɗakin kati

Duk asibitin da ke shirin barin fayil na takarda ya koma kwamfuta, ina roƙon shugabanninsa su zauna a ɗakin kati ko da na wuni guda ne kafin su kira kowane kamfani. A nan nake aiki, kuma a nan manhaja ke nuna ko za ta yi ko ba za ta yi ba.

Da aka sa ni cikin kwamitin zaɓen manhaja a asibitinmu, tambayar da muka riƙa yi wa masu talla ita ce: in NEPA ta ɗauke wuta, intanet kuma ta yanke, ya likita zai yi da mara lafiyar da ke gabansa? Waɗanda komai nasu ya dogara da intanet suka yi ta kame-kame. A ƙarshe muka ɗauki Bahmni, wadda aka gina a Indiya a kan OpenMRS, manhajar da aka soma a 2004 don kula da masu cutar ƙanjamau a Kenya. Tana haɗa rajista da ɗakin gwaji da ɗakin magani da wurin biyan kuɗi, kuma tana zaune a kwamfutar da ke cikin asibitin. Ba a biyan kuɗin lasisi, amma sola da batura da albashin wanda zai gyara ta in ta kafe sun ci kuɗi sosai.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne tantance mutane. Mace za ta zo yau ta ce sunanta A'isha Muhammad, wata mai zuwa ta dawo ba kati ta ce Indo, ta haɗa da sunan mijinta. In ma'aikaci ya yi garaje, sai ya buɗe mata sabon fayil, likita kuwa ba zai ga cewa wani magani ya taɓa kumbura mata jiki ba. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Ga kuma shekaru. Na tambayi wata baiwar Allah, "Mama, yaushe aka haife ki?" Ta ce, "Ɗana, shekarar da aka kashe Murtala." Na sa 1976, na danna wurin da ke nuna ƙiyasi ne. Manhajar da ke tilasta maka rana da wata, ba ta yarda da ƙiyasi, za ta cika muku rumbu da ƙarya. Yanzu ba ma buɗe fayil sai mun nemi mutum da lambar waya, da unguwa, da sunan uba.

Ba mu kunna ta a ko'ina lokaci guda ba. Daga ɗakin kati muka fara, sai wajen ganin likita, ɗakunan kwanciya daga baya. Tsofaffin nas-nas da ake wa kallon za su gagara, su suka fi kowa kiyayewa da aka zauna da su a natse.

Inda har yau nake faɗa shi ne aron kalmar sirri. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, kuma in mutum uku suna shiga da suna ɗaya, ba wanda zai san wa ya buɗe sakamakon gwajin wa. Rahoton wata-wata da ake turawa ta DHIS2, manhajar da gwamnati ke tattara alƙaluman lafiya da ita, kuwa har yanzu da hannu muke shigar da shi, shi ne aikin da ke gabanmu.