Takardun Jarrabawar da Ba Wanda Ya Duba

Na ajiye aikin koyar da ilimin masu buƙata ta musamman a nan Jos, amma akwai abin da har yau yake ci mini rai, kuma ina son ƙananan malamai su ji shi.

Wata ɗalibata makauniya, wadda ta yi firamare a makarantar makafi ta Gindiri, ta zauna jarrabawar wani kwas na dole. Ta duƙufa tana amsawa da rubutun makafi, tana huda takarda ɗigo bayan ɗigo, har yatsunta suka yi ja. Da sakamako ya fito, sai aka ce ba ta zauna ba. Na bi sawu na tarar da takardunta a ƙasan kabad, an danne su da kwali har wasu ɗigogin sun baje. Ashe ba a ɗora wa kowa aikin juya su zuwa boko ba.

Na sami shugabanmu na ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in juya, mai kwas ya ba da maki." Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce ƙa'ida ba ta yarda ba, ta sake baɗi. Haka yarinya ta yi asarar shekara guda ba da laifinta ba, ni kuma aka sa mini sunan mai shisshigi.

Abin takaici, ba jiya aka fara wannan harka ba. Tun 1953 aka buɗe makarantar Gindiri, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta yi tanadin ilimin waɗannan yara, kuma a Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna musu wariya. Duk da haka makomar ɗaliba ta rataya a kan ganin damar mutum ɗaya.

Saboda haka, kafin a fitar da jadawalin jarrabawa, ku tabbata an rubuta sunan mai juya rubutun makafi, shugaba ya sa hannu, kun ajiye kwafi. Alkawarin baka ba ya kai ɗalibi ko'ina. Tafintan kurame ɗaya ba zai iya wuni yana fassara lacca ba, ku nemi na biyu. Kafin ku yanke wa ɗalibi abin da yake buƙata, ku tambaye shi.

Ku kuma riƙa rubuta maƙalu. Kwamitin ƙarin girma su kaɗai yake ƙirgawa. Dararen da na kwana ina juya wa ɗalibai darasi, ko layi ɗaya ba su samu a fom ɗin ba.