Masu sa ido kan gidajen tsare yara a Texas

Na daɗe ina bibiyar yadda jihar Texas ta Amurka ke tafiyar da sha'anin yaran da suka aikata laifi, musamman kwamitin da gwamna ke naɗa mambobinsa domin ya sa ido kan hukumar da ke tafiyar da gidajen tsare yara na jihar, wadda aka kafa a 2011 bayan haɗe hukumomi biyu. Kwamitin ne ke naɗa babban darakta, shi ne kuma ke amincewa da ƙa'idojin aiki. A 2024 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta ce ana tauye haƙƙin yara a gidajen tsarewa biyar na jihar, har da kulle yaro shi kaɗai cikin ɗaki tsawon lokaci. A ganina, kwamitin ne ya kamata a fara tuhuma kafin ma'aikatan da ke riƙe da makullai.